Ƙwayoyin ƙara kaifin ƙwaƙwalwa: me ke cikin kwalbar, kuma wa za su yi wa amfani?

Da zarar jarrabawar JAMB ko WAEC ta ƙarato, kasuwar waɗannan ƙwayoyi takan buɗe. Za ka gan su jere a kantar kemis, a shagunan sayar da magungunan gargajiya da na Musulunci, da kuma hannun masu talla a WhatsApp da Facebook. Kusan dukkansu kamanninsu ɗaya: kwalba mai hoton ƙwaƙwalwa tana sheƙi, da alkawarin natsuwa, saurin hadda da korar mantuwa. Masu saye kuwa iri uku ne. Akwai ɗalibin da karatu ya taru masa, akwai magidanci ko uwargida da ta lura tana shiga ɗaki ta manta abin da ya kawo ta, sai kuma ɗa ko 'yar da hankalinsu ya tashi don tsohonsu ya fara maimaita tambaya ɗaya sau uku a zama ɗaya.

Hukuncinmu a kan wannan kaya a taƙaice shi ne: ƙwayar ƙarin sinadari tana gyara ƙwaƙwalwa ne idan akwai wani giɓi na gaske a jiki da ta cike. Wanda jininsa ya yi ƙasa, ko ya rasa bitamin B12, zai iya ganin canji mai kyau da magani mai araha ƙwarai. Wanda ba shi da giɓin komai, mafi yawan waɗannan kwalabe masu tsada ba za su ƙara masa abin da zai iya aunawa ba, wasu ma suna iya cutar da shi idan sun haɗu da magungunan da yake sha. Bari mu bi kwalbar daki-daki.

Lambar da ke jikin kwali

Abu na farko da mai talla zai nuna maka shi ne lambar NAFDAC. Yana da kyau a duba ta, kuma kada a sayi abin da ba shi da ita. Amma a san abin da take nufi. Magungunan ganye da yawa lambarsu tana ƙarewa da harafin L, alamar cewa hukumar ta saka su a jerin abubuwan da aka duba ba su da illa a zahiri, ba wai ta tabbatar suna yin aikin da ake faɗa ba. Shi ya sa a jikin kwalin, da ƙananan haruffa, za ka ga an rubuta da Turanci cewa NAFDAC ba ta tantance waɗannan iƙirarin ba. Ana iya duba ko lambar ta gaske ce a kundin hukumar na intanet mai suna Greenbook, a kuma tabbatar sunan da ya fito ya yi daidai da na kwalbar, domin masu jabu sukan ɗauki lambar wani kaya su manna wa nasu.

"Daga Amurka aka kawo" ma ba hujja ba ce. Dokar da Amurka ta yi a 1994 ta ba kamfanoni damar fitar da ƙwayoyin ƙarin sinadari kasuwa ba tare da sun nuna wa FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, cewa suna aiki ba. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Prevagen, wanda aka yi shekaru ana tallarsa a talabijin a can, ana cewa wani furotin da aka fara ganowa a jikin wata halittar teku yana gyara mantuwa. A 2017 hukumar kare masu saye ta FTC da babban lauyan jihar New York suka kai kamfanin kotu, kuma a ƙarshen 2024 kotu ta hana shi ci gaba da cewa ƙwayar tana inganta ƙwaƙwalwa. Ga mai ilimin jiki, matsalar a bayyane take tun farko: furotin da aka haɗiya, ciki yana narkar da shi kamar yadda yake narkar da ƙwai ko wake, ba ya isa ƙwaƙwalwa a yadda yake.

Sai a juya kwalbar a karanta bayanta. Idan ka ga an jera sunaye goma ko goma sha biyar a ƙarƙashin "proprietary blend" da nauyi ɗaya tak, misali miligiram 600, to ka ajiye ta. Ma'anarsa kamfanin ya ɓoye yawan kowane sinadari. Lissafin ma ba ya fita: ginkgo kaɗai yana buƙatar miligiram 240, bacopa 300, theanine 100 zuwa 200. An riga an wuce 600 da abu uku kawai, to ina sauran za su shiga? Barbaɗe ne aka yi musu don sunansu ya fito a kwali. Wannan sayen kifi a ruwa ne.

Akwai kuma abin da ba a rubutawa. Wani bincike da Dokta Pieter Cohen da abokan aikinsa suka fitar a 2020 ya auna irin waɗannan ƙwayoyi guda 10 da ake sayarwa a intanet, ya sami magunguna biyar da Amurka ba ta amince da su ba a cikinsu, har da phenibut da vinpocetine, wasu ba a ma ambace su a kwalin ba. Shi vinpocetine, tun 2019 FDA ta gargaɗi mata masu ciki da masu iya ɗaukar ciki su guje shi saboda haɗarin ɓari. Duk macen da ta ga wannan suna a kwalba, ta bar ta a kanta.

Ginkgo biloba

Shi ne sarkin wannan kasuwa, kuma shi aka fi bincika, don haka za mu daɗe a kansa. Ganyen wata bishiya ce ta ƙasar Sin. Wanda aka yi manyan gwaje-gwaje da shi tatacce ne mai lamba EGb 761, da ake sayarwa da sunan Tebonin a Jamus da Tanakan a Faransa da ƙasashen da ke samun magunguna daga can. Ma'auninsa sananne ne: kashi 24 cikin 100 na flavone glycosides, kashi 6 na terpene lactones, sannan an cire sinadarin ginkgolic acid mai sa ƙaiƙayi da borin jiki har ya koma ƙasa da kashi 5 cikin miliyan. Idan kwalbar ba ta nuna 24 da 6 ɗin nan ba, ba abu ɗaya ba ne da wanda aka gwada. Nan ne mutane ke ruɗewa: sai su ga wata kwalba ta ce miligiram 500 na garin ganye, wata ta ce 120 na tatacce, su ɗauki mai 500 suna ganin ta fi ƙarfi. Alhali sai an tace kusan awo 50 na ganye kafin a sami awo ɗaya na tataccen. Mai 120 ɗin ta ninka ta sau da yawa.

To yana hana mantuwa? An yi gwaji biyu manya don amsa wannan. A Amurka an bi tsofaffi 3,069 masu shekara 75 zuwa sama, rabinsu na shan miligiram 120 sau biyu a rana, rabi na shan ƙwayar da babu komai a cikinta, har kimanin shekara shida. Sakamakon da aka fitar a 2008 ya nuna babu bambanci wajen kamuwa da gigin tsufa. A Faransa aka sake yi da mutum sama da 2,800 masu shekara 70 zuwa sama da ke kukan mantuwa, na shekara biyar, aka fitar a 2012, amsar ba ta canja ba. A kan matasa masu lafiya kuwa, binciken da aka tattara bai nuna ƙarin hadda ko natsuwa ba. Ɗalibin da ya sayi ginkgo saura mako biyu jarrabawa ya yi asarar kuɗinsa.

Inda yake da ɗan gurbi shi ne tsohon da likita ya riga ya tabbatar yana da gigin tsufa marar tsanani. Hukumar magunguna ta Turai ta amince da tataccen ganyen don wannan, miligiram 240 a rana, aƙalla mako 8, kuma idan an yi wata uku babu canji sai a koma wurin likita. Amfanin ɗan kaɗan ne, ba ya dawo da abin da ya tafi, amma ga iyalin da ke jinya ko kaɗan ɗin yana da daraja.

Illarsa ita ce abin da ya fi damunmu, don mai talla ba ya faɗa. Ginkgo yana iya rage daskarewar jini. Mai shan warfarin, clopidogrel, ko asfirin kullum saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya haɗa su sai da sanin likitansa. Alamun da za a lura da su: haɓo, jini a dasashi lokacin asuwaki, tabon kwanciyar jini a fata ba tare da buguwa ba. Wanda za a yi wa tiyata ko cire haƙori ya faɗa wa likita tun da wuri, da yawansu sukan ce a daina mako biyu kafin ranar. Mai farfaɗiya ya guje shi, don yana iya tayar da ita. Mai shan efavirenz na cutar ƙanjamau ma haka, domin yana iya rage ƙarfin maganin a jini. Mai ciki ba ta shan sa.

Kafeyin, wanda ya fi kowa aiki

Idan ka sha wata ƙwaya ka ji idonka ya buɗe cikin rabin awa, ka duba kwalin, kusan tabbas akwai sinadarin kafeyin a ciki, ko an rubuta shi da sunansa, ko an ɓoye shi a sunan guarana, koren shayi ko goro. Shi ne kaɗai a wannan jeri da babu gardama a kan cewa yana ƙara farkawa da saurin mayar da hankali. Kuma shi ne wanda muke da shi tun kaka da kakanni: busasshen goro yana ɗauke da kafeyin kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ga shayi, ga gahawa. Biyan dubban nairori don abin da ke cikin goron da za ka saya a bakin masallaci ba dabara ba ce.

Ma'auninsa ga babba mai lafiya, bisa hukumar kula da ingancin abinci ta Turai: kada ya wuce miligiram 400 a rana, kada kuma ya wuce 200 a sha ɗaya. Mai ciki 200 a yini gaba ɗaya. Yara da matasa miligiram 3 a kan kowane kilo na nauyinsu, wato yarinya mai kilo 45 iyakarta 135. Kofin gahawa yana da kimanin 80 zuwa 100, ƙaramin gwangwanin lemon ƙara kuzari na mililita 250 kimanin 80, kofin shayi kusan rabin haka. Don karatu, 50 zuwa 100 sun isa. Abin da ya wuce nan rawar hannu ne da bugun zuciya da karanta layi ɗaya sau huɗu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne lokacin sha. Jiki yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya fitar da rabin kafeyin. Wanda ya sha miligiram 200 da ƙarfe tara na dare, da ƙarfe biyu na dare akwai 100 a jininsa. Ko ya yi barci, barcin ba zai yi nauyi ba. Ita kuwa ƙwaƙwalwa a cikin barci take ɗaure abin da aka karanta da rana ta mayar da shi ajiyayye. Shi ya sa ɗalibin da ya kwana yana Nescafé yakan ji ya iya komai da asuba, ya shiga zauren jarrabawa ya tarar kansa wayam. Kafeyin yana taimakon zama a kan littafi, ba ya taimakon riƙe abin da ke cikinsa. A sha da safe ko da azahar, a tsaya aƙalla awa shida kafin kwanciya. Mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai gyambon ciki, da mai yawan faɗuwar gaba su rage sosai. Wanda ya saba da shi kullum kuma ya san ciwon kan kwanakin farko na azumi: yakan fara awa 12 zuwa 24 bayan dainawa, shi ya sa ya fi kyau a riƙa ragewa a hankali tun cikin Sha'aban.

L-theanine, da ake yawan haɗawa da kafeyin, sinadari ne da ke cikin ganyen shayi. Ƙananan gwaje-gwaje, da kimanin miligiram 100 nasa da 40 zuwa 50 na kafeyin, sun nuna ɗan ƙarin natsuwa na awa ɗaya zuwa biyu. Cikin duk haɗe-haɗen da ke kasuwa, wannan ne ya fi kusa da cika alkawarinsa, amma na ɗan lokaci ne, kuma ba maganin mantuwa ba ne.

Man kifi

Omega-3, kitsen da ke cikin man kifi, yana da suna mai kyau don ƙwaƙwalwa tana ɗauke da wani nau'insa mai suna DHA da yawa. Amma da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi wa tsofaffi masu lafiya fiye da 4,000 a 2012, ba a ga ƙwayar ta inganta tunani ba. Wanda ke cin kifi mai maiƙo, irin titus, sadin ko shawa, sau biyu a mako ba ya buƙatarta. Wanda ba ya cin kifi sam, da mai ciki ko mai shayarwa, su ne masu dalilin sha.

Lambar 1000 da ke gaban kwalba nauyin man ne duka, ba omega-3 ba. Juya baya: yawanci EPA, ɗaya nau'in omega-3 ɗin, miligiram 180 ne, DHA 120. Ma'aunin da Turai ta amince da shi don aikin ƙwaƙwalwa shi ne DHA miligiram 250 a rana, wato ƙwaya biyu zuwa uku, kwalba mai 60 ba za ta wuce wata guda ba. A sha tare da abinci mai mai, ya fi shiga jiki kuma ya rage gyatsar ƙarni.

Babbar matsalarsa a ƙasarmu zafi ne. Man kifi yana lalacewa idan ya sha zafi da haske, kwalbar da ta kwana uku a kantar shago mai rufin kwano a watan Afrilu ba ta nan yadda aka yi ta. Gwajin mai sauƙi ne: ɗauki ƙwaya ɗaya ka huda ta da allura, ka matsa a cokali ka shinshina. Mai kyau ƙarnin kifi kaɗan yake yi. Wanda ya lalace yana wari mai hawa kai kamar tsohon fenti, yana ɗaci a harshe, sau da yawa ƙwayoyin ma sun manne da juna a gindin kwalbar. Irin wannan a zubar. Sannan a bambanta man kifi da man hantar kifi irin wanda ake ba yara: na hanta yana da bitamin A mai yawa, wanda idan ya yi yawa yana cutar da ɗan tayi.

Bitamin B, da inda ake samun amfani na gaske

Rashin B12 yana kawo mantuwa ta gaske, da kasala, da jin kamar tururuwa na bin tafin ƙafa, da rashin daidaito a tafiya. Wannan mantuwar tana gyaruwa idan an kama ta da wuri. Jiki na buƙatar maikirogiram 2.4 kacal a rana, kuma daga nama, hanta, kifi, ƙwai da nono ake samu. Waɗanda suka fi rasa shi: tsofaffi, masu ciwon suga da suka shekara suna shan metformin, masu shan omeprazole na gyambon ciki wata da watanni, da wanda ba ya samun abincin dabba. Idan tsoho yana cikin waɗannan kuma ya fara mantuwa, gwajin B12 ya fi kowace kwalba muhimmanci. Idan an sami ƙarancin, likita zai ba da ƙwaya mai maikirogiram 1000 ko allura, gwargwadon dalilin.

Haɗarin yana wurin B6. Ƙwayoyin haɗin B da ake sha don ciwon jijiya wasu na ɗauke da miligiram 100 ko 200 a ƙwaya ɗaya. Iyakar da Amurka ta sa ita ce 100 a rana, Turai kuwa a 2023 ta sauko da tata zuwa 12. Shan B6 mai yawa na tsawon watanni yana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa, ya kawo irin mutuwar jikin da aka sha shi don a kore. Sai mutum ya ga ƙafa na ƙara dugunzuma ya ƙara ƙwaya, ya gudu daga gara ya faɗa gidan zago. A haɗa lissafin B6 daga duk abin da ake sha, har da lemon ƙara kuzari.

Ƙwayar bitamin ta gama-gari, guda ɗaya a rana, ta ɗan nuna alheri ga tsofaffi. A gwaje-gwajen COSMOS da aka yi a Amurka da Centrum Silver, waɗanda aka fitar tsakanin 2022 da 2024, masu shekara 60 zuwa sama da suka sha ta sun ɗan fi sauran tuna abubuwa. Bambancin ƙarami ne, amma kuɗin ma ƙarami ne, haɗarin kuma kaɗan. Ga dattijon da cin abincinsa ya ragu, wannan ta fi kwalbar "ƙwaƙwalwa" mai tsada hankali.

Ƙarancin jini

A wurinmu, nan ne gizo ke saƙa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuma kashi 68. Budurwar da ke zaune a aji tana hamma, tana jiri idan ta miƙe, cikin fatar idonta ya yi fari, tana sha'awar tauna ƙanƙara ko farar ƙasa, ba ginkgo take buƙata ba. Gwajin jini take buƙata. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya: haemoglobin ƙasa da 12 ga mace, ƙasa da 13 ga namiji, ƙasa da 11 ga mai ciki. Idan akwai hali a haɗa da gwajin ferritin, don ajiyar sinadarin ayon, wanda jiki ke yin jini da shi, tana iya ƙarewa tun jinin bai nuna ba, kuma tun a wannan matakin hankali yakan fara rarrabuwa.

Maganin shi ne mafi araha a duk kantar: ferrous sulphate na miligiram 200, wanda ke ɗauke da ayon miligiram 65. Abin da ke sa ya ƙi aiki sananne ne. Ana haɗiye shi da shayi mai madara a karin kumallo, shayi da madara kuwa duk suna hana shi shiga jini. A sha shi da ruwa ko da lemon zaƙi, a bar tazarar awa ɗaya zuwa biyu tsakaninsa da shayi, nono ko maganin gyambon ciki na ruwa. Bayan gida zai yi baƙi, wannan ba komai ba ne. Idan ya ɗaure ciki ko ya sa tashin zuciya, a faɗa wa likita, sau da yawa shan sa rana ɗaya a tsallake ɗaya yana warware matsalar. Kuskure na biyu shi ne dainawa da zarar an ji ƙarfi, alhali sai an ci gaba kimanin wata uku bayan jinin ya dawo kafin ajiyar ta cika. Ayon yana kuma riƙe wasu magunguna a ciki ya hana su aiki, irin ciprofloxacin, tetracycline, levothyroxine da dolutegravir, don haka a tambayi tazarar da za a bari.

Gargaɗi biyu masu nauyi. Mai sikila kada ya sha ayon don kawai jininsa ya yi ƙasa, sai gwaji ya nuna ya rasa shi, domin wanda ake yawan yi wa ƙarin jini ayon taruwa yake yi masa har ya cutar da hanta da zuciya. Sannan a ɗaga kwalbar sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ƙwayoyin suna da launi kamar alawa, kuma tafin hannu ɗaya yana iya kashe ƙaramin yaro. A kuma nemi abin da ke cinye jinin, ko tsutsar ciki ce, ko al'ada mai yawa, ko zazzaɓin cizon sauro, ko gyambon da ke tsiyaya, in ba haka ba ana zuba ruwa ne a kwando.

Aidin kuwa, sinadarin da rashinsa ke kawo maƙoƙo, gishirin leda mai alamar aidin ya wadatar, a rufe shi a mazubi mai murfi nesa da murhu.

Sai sauran kayan da ke kasuwa: bacopa monnieri, ganyen da Indiyawa ke kira brahmi, yana da 'yan ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna ɗan amfani: miligiram 300 a rana na tatacce mai bacosides kashi 50 zuwa 55, na mako 12. Kafin mako takwas ba a sa ran komai. Yana murɗa ciki da sa gudawa idan an sha ba a ci abinci ba, kuma mai ciwon maƙoƙo, asma ko jinkirin bugun zuciya ya tambayi likita tukuna. Haɗin zuma, zabibi, dabino da habbatus sauda da ake sayarwa don hadda abinci ne mai kyau da ke ba da kuzari, mai ciwon suga dai ya lissafa zaƙin. Abin kiyayewa shi ne garin da aka ƙulla a leda babu suna, babu ma'auni, babu ranar lalacewa. Tramadol da makamantansa da wasu matasa ke sha da sunan ƙarfin karatu ba sa cikin wannan babi ko kaɗan, farfaɗiya da jaraba suke jawowa.

Kafin a fitar da kuɗi

A fara da duba jakar magungunan da ake sha. Piriton, maganin ƙara cin abinci mai cyproheptadine, diazepam, amitriptyline da magungunan tari masu sa barci duk suna dusashe tunani, musamman ga tsofaffi. Sau da yawa cire ɗaya daga cikinsu, da shawarar likita, shi ne duk maganin. Sai a auna hawan jini da suga, a duba jini, B12 da maƙoƙo, a tambayi awa nawa ake barci: babba bakwai zuwa sama, matashi takwas zuwa goma. Damuwa da baƙin ciki mai tsawo suna cin natsuwa fiye da yadda ake zato. Tsohon da kunnensa ya yi nauyi ma yakan zama kamar mai mantuwa, alhali bai ji maganar ba ne tun farko.

Wasu alamun ba na kemis ba ne. Idan dattijo ya ɓata a hanyar masallacin unguwarsa, ko ya kasa lissafin kuɗin da ya shekara yana yi, ko halinsa ya sauya, a kai shi asibiti a duba. Idan ruɗewar ta zo farat ɗaya, da karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar hannu, wannan gaggawa ce, a tafi a lokacin.

Wanda ya bi duk wannan kuma yana so ya gwada, ya sayi kwalba mai sinadari ɗaya, mai ma'auni a rubuce, lambar rukuni da ranar lalacewa, daga kemis mai rajista da ke da sanyi. Ya raba kuɗin kwalbar da yawan kwanakin da za ta yi a cikakken ma'auni, ya ninka da 90, wannan ne ainihin kuɗin gwajin. Kafin ya fara, ya yi mako biyu yana auna kansa: minti 30 a lokaci ɗaya kullum, ya haddace abin da ya saba, layukan allo ne ko kalmomi 20, washegari ya rubuta nawa ya tuna ba tare da dubawa ba. Ya ci gaba da rubutawa bayan ya fara sha, kada ya canja lokacin barci ko yawan shayinsa a tsakani. Makonnin farko lambar takan ɗan hau ko da babu ƙwaya, saboda sabo da gwajin, don haka a kwatanta makon 12 da mako na biyu, ba da ranar farko ba. Idan babu bambanci a takarda, a daina. Idan an ga ƙuraje, haɓo, bugun zuciya, ko fitsari ya yi duhu ido ya yi rawaya, a daina a ranar, a ɗauki kwalbar da kwalinta a tafi da su wurin likita.